Duba lafiyar dattawa kyauta: wa ke bin sawu bayan an kwashe rumfuna?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tofa albarkacin bakina a kan tarukan duba lafiyar tsofaffi kyauta, waɗanda labarinsu ba ya yankewa a kafafen Hausa: an auna jinin mutum kaza, an raba magani da tabarau, ga hoton mai ɗaukar nauyi yana miƙa wa wani dattijo leda. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya. Na yi aiki a gida kafin aure ya kawo ni jihar Ohayo ta Amurka, kuma inda nake aiki yanzu rukunin gidaje ne na waɗanda suka yi ritaya. Shirya irin wannan taro duk shekara yana cikin aikina, shi ya sa na ga ina da abin cewa.

Idan aka ce tsofaffi na zaune wuri guda a ƙasar Turawa, abin da ke fara zuwa ran mutanenmu shi ne 'ya'ya sun kai iyaye sun jibge sun juya baya. Akwai irin wannan, ban musa ba. Amma yawancin waɗanda nake hulɗa da su, da kansu suka sayar da babban gidan da suka gaji da kwashe dusar ƙanƙara a ƙofarsa, suka kama ciki da falo da ɗan kicin a tsakanin sa'o'insu. Wasu har gobe suna tuƙa mota. Akwai ɓangaren masu yi wa kansu komai, akwai na waɗanda sai an taimaka musu da wanka da shan magani, sai kuma na masu jinya sosai. Irin wannan zama ya yi ƙarfi tun 1960, lokacin da wani mai harkar gine-gine, Del Webb, ya buɗe Sun City a jihar Arizona, gari sukutum na masu ritaya. Namu ƙarami ne, kowa ya san kowa, har mun san waɗanda ba sa ga-maciji da juna, kuma ba ma haɗa su a tebur ɗaya.

A watan Oktoba muke yin taron. Hunturu na tafe da murarsa mai kwantar da tsoho, don haka ake so kowa ya karɓi allurar rigakafi kafin sanyi ya kankama, kuma masu shekara 65 zuwa sama akwai mai ƙarfi da aka fi so a yi musu. Sannan daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ne ake ba mutum damar sauya tsarinsa na Medicare, wato inshorar lafiyar da gwamnatin tarayya ke yi wa masu shekara 65 zuwa sama tun da Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa dokarta hannu a 1965. A wannan tsakani kamfanonin inshora ba sa barin tsoho ya sha ruwa, ga wasiƙu, ga kiran waya, ga talla a talabijin. Sai mu kawo masu ba da shawara na jiha, waɗanda ba su da abin sayarwa, su zauna da mutum su duba ko tsarin da yake kai zai ci gaba da biyan magungunansa a shekara mai zuwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya, tun bazara muke fara shiri, kuma rabin shirin a kan kujeru yake ƙarewa. Ba ma barin kowa ya tsaya a layi. Kowa da lokacinsa a rubuce da manyan baƙaƙe, kowane tebur da kujera mai hannu wadda tsoho zai dafa ya miƙe. Ba kiɗa, ba lasifika, domin na'urar ƙara ji da yawancinsu ke maƙalawa a kunne tana ɗaukar hayaniya ta ninka musu ita. Banɗaki a kusa, ruwan sha a kusa. Da safe ake farawa, kafin azahar an tashi.

Awon jini shi ne abin da kowa ke ganin ya iya, kuma shi aka fi yi ba daidai ba. Mutum ya taho da sauri yana haki, a ɗaura masa na'ura a kan hannun riga, yana ba da labarin jikarsa, a karanta lamba a ce masa yana da hawan jini. Mu sai ya zauna minti 5 tukuna, ya jingina bayansa, ƙafafunsa duka a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, kuma ba magana. Abin ɗaurawar ma girma-girma ne: idan aka matsa ƙarami a damtsen mai jiki, lambar za ta haura fiye da gaskiya. Bayan nan mu ce ya miƙe tsaye mu sake aunawa. Idan lambar sama, wato ta farko cikin lambobi biyu na awon, ta faɗi da 20 ko fiye, to ga dalilin jirin da yake ji in ya tashi daga gado, kuma sau da yawa maganin da yake sha ne ya yi masa yawa. Wanda muka samu jininsa ya kai 180 bisa 120 kuma yana kukan ciwon ƙirji, ko harshensa ya yi nauyi, ko ɓarin jikinsa ya saki, wannan ba ma tsayawa cika takarda, motar asibiti ake kira nan take.

Teburin da na fi ji da shi kuwa ba shi da na'ura ko ɗaya. Tun saura mako biyu muke raba wa kowa jaka, mu ce ya zubo duk abin da yake haɗiya: na likita, na kanti, na ganye, na ƙarin kuzari, har wanda ya daina sha ya ajiye a durowa. Mai haɗa magunguna ya zauna da ɗalibansa, a juye jakar a faranti, a bi kwalba-kwalba. Wata tsohuwar malamar makaranta, mace mai tsari wadda ba ta taɓa tsallake magani, ta zo tana kukan jiri da bushewar baki, ga zirga-zirgar banɗaki da ta hana ta sakat. Da aka jera kwalabenta sai ga ɗaya an rubuta Lasix, ɗaya kuma furosemide. Magani ɗaya ne, mai sa fitsari, sunan kamfani da sunan asali. Ɗaya asibiti suka ba ta ranar da aka sallame ta, ɗayan kuma ta gidan waya yake zuwa mata duk wata uku, ita kuwa kowace safiya sai ta haɗiyi duka biyun, tana ganin umarnin likita take bi. Mai haɗa maganin bai ce mata ta zubar da komai ba. A gabanta ya kira ofishin likitanta, aka faɗa mata wanda za ta ajiye, aka sa mata ranar gwajin jini don a ga halin da ƙodarta ke ciki. A ƙasan jakar kuma ga ƙwayar barci ta kanti mai ɗauke da diphenhydramine, wadda ke cikin jerin magungunan da ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ke cewa a kauce musu a jikin dattijo, saboda tana rikita tunani tana kawo faɗuwa.

Duk lokacin da na tsaya a wannan tebur sai iyayenmu na gida su faɗo mini a rai. Gwiwa na ciwo, a aiki yaro kemis ya karɓo diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam, wani lokaci a haɗo biyu a ƙulla a leda, a yi ta sha wata da watanni. Waɗannan suna tayar da jini, suna cin ƙoda, suna kawo gyambon ciki har ya yi jini. Wanda ya auna jinin dattijo bai tambaye shi me yake sha na ciwon gwiwa ba, ya bar rabin aikin. Haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe, a ce a kawo su a gani ba tare da an yi wa mutum faɗa ba, don in ka yi masa faɗa gobe ɓoyewa zai yi.

Sai gwajin tafiya. Kujera, tef a ƙasa nisan mita 3, da agogo. Mutum ya miƙe, ya taka zuwa tef ɗin, ya juyo, ya dawo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na masu shekara 65 zuwa sama yana faɗuwa duk shekara, kuma waɗanda ke gaya wa likita ba su kai rabi ba. Na san dalilin shirun: tsoro suke kar a ce ba za su iya zama su kaɗai ba. A gefen nan wani mazaunin wurin, tsohon makaniki, yake zama da akwatin robobi yana sauya wa mutane robar gindin sanda da ta cinye, yana daidaita tsawon sandar ta tsaya daidai wuyan hannu. Ba a biyan sa ko sisi, kuma ba na shakkar ya hana karayar ƙugu fiye da wasu masu farin kaya. A gida ma haɗarin yana nan, sai dai wurinsa daban: tashin asuba cikin duhu babu wuta, santsin makewayi, tsuguno da miƙewa, silifas da ya sha jiki. Fitila mai caji a gefen gado da ƙarfen dafawa a bango ba su kai kuɗin ɗori ba, balle na tiyata.

Akwai abin da duk mai shirya irin wannan taro zai lura da shi in yana da ido. Masu cika zauren su ne masu ƙarfi a jika, waɗanda ke zagayen motsa jiki da sassafe, suka san lambar jininsu da ka. Wanda ya fi buƙata yana ɗaki, ƙafa ta kumbura, ko matarsa ta rasu ya daina fita, ko mantuwa ta fara kama shi bai ma san yau ake yi ba. Saboda haka muna riƙe da jerin sunayen kowa, muna sa alama ga wanda ya zo. Bayan an ci abincin rana mu ɗora kayan awo a kan amalanke mu bi ƙofa-ƙofa muna ƙwanƙwasawa. Mafi yawan abin da ya tayar mini da hankali a wannan aiki, a bayan waɗannan ƙofofi na gan shi. To ina ga garuruwanmu, inda ake kafa rumfa a filin makaranta ko ƙofar fada? Maza masu iya takawa za su zo. Gwaggo da ke ƙuryar ɗaki ba ta gani sosai, da Inna da ba ta fita sai da dalili, wa ya je musu?

Taron tsofaffi kuma yana jan 'yan damfara. A nan an yi yayin wasu da ke zuwa irin waɗannan taruka da tsinken auduga, su goga a cikin kuncin mutum, su ce gwajin gano ciwon daji ne kyauta, abin da kawai suke so lambar katin Medicare. Da lambar suke cajin gwamnati dubban daloli a kan gwajin da likitan mutum bai nema ba. A watan Satumba na 2019 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta gurfanar da mutum 35 a kan wannan harka, kuɗin da ake magana sun haura dala biliyan 2.1. Shi ya sa dokarmu ba ta da sassauci: ba a sayar da komai a zauren, ba a karɓar lambar katin kowa sai a teburin allura, kuma duk wanda zai kafa tebur sai mun san wanda ya aiko shi. Na gida su ma kun san su, masu kwamfutar da za a ba ka ƙarfe ka riƙe, cikin minti biyu ta lissafo maka ciwon hanta da na ƙoda da na mara, maganin kuma yana cikin jakar mai kwamfutar. Duk taron da aka bar irin waɗannan suka raɓa, an ba su aron mutuncin likitocin da ke wurin.

Kada a ɗauka ina cewa komai na nan daidai yake. Asalin Medicare ba ya biyan gyaran haƙori na yau da kullum, ba ya sayen na'urar ƙara ji, tabarau ma sai a wani yanayi na musamman. Sai mu gano kunnen mutum ya yi nauyi, mu faɗa masa, ya tambayi kuɗin na'urar, ya yi murmushi ya ninke takardar ya sa aljihu. An ɗan samu sauƙi da aka fara sayar da wasu na'urorin a kanti ba sai da takardar likita ba daga Oktoban 2022, aka kuma ƙayyade wa masu Medicare kuɗin insulin kada ya wuce dala 35 a wata daga 2023. Ga kaɗaici. Akwai waɗanda na sani sarai jininsu lafiya lau, suna zuwa ne don wani ya riƙe hannunsu ya tambaye su yaya aka kwana. A wannan fannin tsohon da ke tsakar gida jikoki na hawa kansa ya fi su gata nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne abin da ke biyo bayan taron. Kowane sakamako kwafi biyu muke rubutawa, ɗaya mutum ya tafi da shi, ɗaya ya zauna a hannuna. Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini, don haka duk wanda lambarsa ta haura sai ya dawo mun sake aunawa a wasu ranaku daban. In ta ci gaba da haurawa mu aika wa likitansa, mu tabbatar an sa masa rana, mu tabbatar akwai motar da za ta kai shi. Wanda bai je ba mu kira, wanda bai ɗaga waya ba mu taka. Bayan wata uku mu zauna mu buɗe jerin: cikin waɗanda muka samu da matsala, nawa ne suka ga likita, nawa ne jininsu ya sauka. Wannan lissafi shi shugabannina ke tambaya ta. Yawan waɗanda suka halarta ba ya ɗaukar mu minti ɗaya.

Kwanakin baya aka yi irin wannan taro a unguwarmu a gida, baffana ya je. Da muka yi waya yake gaya mini cikin jin daɗi cewa an auna shi an ce jininsa ya hau, an ba shi magani kyauta. Na ce, Baffa, nawa aka ce ya kai? Ya ce ai ba su faɗa ba. Mene ne sunan maganin? Ya ce farare ne ƙanana. Na sa 'yar ƙanwata ta ɗauko mini hoton ledar, babu suna, babu awo, sai zane biyu na biro da ke nufin safe da yamma. Na sati biyu ne. Ya shanye, ya ce alhamdulillahi ya ji sauƙi, shi a wurinsa magana ta ƙare. Ba wanda ya gaya masa cewa hawan jini ba zazzaɓi ba ne da ake sha a warke, ba wanda ya ce masa ga inda za ka koma. Waɗanda suka shirya sun kashe kuɗi, kuma na yarda da niyyarsu, Allah Ya ba su lada. Amma da ba shi da 'ya mai wannan aiki, da yanzu yana zaune da jininsa a sama yana ganin an yi masa magani, har ranar da ɓarin jiki zai shanye.

Ba sai an jira sabuwar doka ba, a Najeriya akwai abubuwan da za a jingina da su. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da aka sa wa dokarta hannu a 2018. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu don masu rauni, tsofaffi na ciki. Jihohi na da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, KADCHMA a Kaduna, KSCHMA a Kano. A Kano an fara shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitoci tun 2020, inda malaman asibiti ke fara mutum da ƙwayar amlodipine mai miligiram 5 suna bin sa wata-wata. Mai son yin alheri ya fara zuwa asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ya ce wa mai kula da shi, zan tara maka tsofaffin unguwa, kai za ka rubuta su a rajistarka, kai za su dawo wa. Ya rage yawan mutanen da girman rumfar, kuɗin da ya ragu ya sayi na'urar awo mai kyau ta damtse da batura ya bar wa asibitin, ya biya wa waɗanda aka samu da ciwo kuɗin rajistar inshora. Maganin da za a bayar ya zama wanda ake samu a kemis ɗin garin a farashin da ɗan fansho zai iya, a rubuta sunansa da awonsa da lambar jinin a kati. A ware mata ma'aikata su shiga gida-gida da izinin masu gida. Wanda aka ga yana da yanar ido, tabarau ba zai warkar da ita ba, a haɗa shi da inda ake aikin cire ta, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, a san ranar da kuma wanda zai raka shi.

Ba mu da rukunin gidajen masu ritaya, amma dattawanmu ba su da wuyar samu: majalisar bayan la'asar, zauren mai unguwa, islamiyyar iyaye mata, da ranar tantance 'yan fansho, inda suke wuni a zaune suna jiran a kira suna. Tebur biyu a gefen wannan layi zai ga mutanen da rabonsu da awo tun gwajin tafiya Hajji.

Lokacin ma a duba shi. Na lura an fi son yin irin wannan aiki a cikin Ramadan saboda falalar watan. Ga mai ciwon suga da ke shan ƙwaya ko yake allurar insulin, an makara. Shi tun Rajab ko farkon Sha'aban ya kamata ya zauna da likita, a gyara masa awon magani da lokacin sha, a koya masa alamun faɗuwar suga, rawar jiki da gumi da ruɗewa, a kuma gaya masa ƙarara ko jikinsa zai ɗauki azumin. Mai maganin sa fitsari ma haka, musamman in azumi ya faɗo a zafin Maris da Afrilu. Masu niyyar yi bana, don Allah su matso da shi gaba da wata biyu.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Jihar Ohayo, Amurka.